Shekarar da Aka Ce In Kashe Fuska

Kowace yamma ina ganinku a bakin baraji, madatsar ruwan nan, kun jeru, kowa ya ɗaga waya sama yana harbin rana. A danna, a duba, a yi tsaki, a goge, a sake. Rannan wani cikinku ya tsaya a ƙofar shagona nan Zongo, ya ga ina shafa wa ƙafa-ukun kyamara mai, ya ce, "Tonton, har yanzu kana fama da wannan kaya? Yanzu ai komai otomatik ne." Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro a lokacin. Yau na tofar, sai ku ba ni kunne.

Sule sunana, amma ko jikokina Baba Foto suke ce mini. Kakannina fataken goro ne, ni ne na fara kauce wa layi, kuma mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta yarda ɗaukar hoto sana'a ce ba. Na koyi aikin a unguwar Larle, wurin wani Bayarabe, Baba Razaki, gajeren mutum mai faɗan tsiya wanda ba ya yabon kowa sai in ya mutu. Zamanin fim ne, wanda muke ce wa pelikil. In ka danna ka ɓata, ya tafi ke nan, ba gogewa ba sakewa, kuma ba za ka san ka ɓata ba sai an wanke.

Aikina na farko a wurinsa ɗaukar ƙafa-uku ne, ta katako mai nauyin ɗan akuya. La'asar sakaliya sai ya sa ni gaba mu fita bayan gari, ya kafa kyamara, ba ko fim a cikinta. Ya tsayar da duk wanda ya samu, mai itace ko mai tura ruwa, ya juya masa baya ga rana, sannan ya dube ni.

"Nawa za ka buɗe?"

In faɗi lamba.

"Ka kashe shi," in ji shi. "Fuskarsa ta zama gawayi. Sake."

In buɗe fiye da haka.

"Yanzu ka kashe rana. Sama ta zama farin zane. Wa zai karɓi wannan?"

Damina guda muka cinye a haka, ina kashe mutane ina kashe rana da baki, kafin ya yarda ya sa mini fim. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Muguntar tana ciki, ban cire masa ba, amma har da karatu.

Karatun shi ne wannan. Idon da Allah ya ba ka yana ganin jan sama da fuskar mutum lokaci guda, ba ka ma san ya yi wani aiki ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Dole ta zaɓi ɗaya, kuma in ka bar mata zaɓin sai ta raba tsakiya ta ɓata duka biyun. Don haka ba a auna haske a kan ƙwayar ranar. Gefenta ake aunawa, inda sama ta yi ja amma ba ta kashe ido. Ƙofar haske, wadda Faransawa ke ce wa diyafaram, ka tsayar da ita a takwas ko sha ɗaya. A nan ne na kusa da na nesa duk suke fitowa da kaifi. In ka buɗe ta wangale, mutum ya fito bishiyoyin bayansa su narke. In ka matse ta har ƙarshe don kwaɗayin rana ta yi maka tsinkaye kamar tauraro, za ka samu tsinkayen, amma hoton duka zai yi laushi. Izo kuma, wato ƙarfin jin haske, ka bar shi ƙasa, a ɗari. Kana ɗaga shi hoto zai fara tsaki-tsaki, musamman a wuraren duhu, kuma hoton faɗuwar rana rabinsa duhu ne.

To ka matse ƙofa, ka sauke izo, ga haske yana gudu. Abin da ya rage wa kyamara shi ne ta daɗe da ido buɗe. Nan ne hannu yake cin amanar mai shi. Ka rantse ba ka motsa ba, amma bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi dishi-dishi, abin da masu zuwa shagona ke ce wa fulu. Amfanin ƙafa-uku ke nan da kuke yi wa dariya. Ko a kanta ma ba na danna maɓalli da yatsa in tsaya a kai. Jinkiri nake sa mata, in danna in janye hannu, ta huce daga taɓawata sannan ta ɗauka. Kaifi kuma da hannu nake nemansa, don na'ura in ta fuskanci rana ruɗewa take, ta yi gaba ta yi baya kamar baƙo a cikin kasuwa. Ina neman layin da baƙi ya haɗu da haske, gefen kafaɗa ko gefen kai, in murɗa har layin ya tsaya kamar an ja shi da reza. Gilashin gaba kuwa a goge shi tas, don maiƙon yatsa guda yana iya haifar maka koren fatalwa a tsakiyar sama. Launi ma kar ka bar wa otomatik. Ita jan nan da ka fito dominsa cuta take ɗaukarsa, sai ta wanke maka shi.

Akwai wani Alhaji mai atamfa, abokin babana, da ya sayi mota sabuwa fil ya ce sai an ɗauke shi da ita da rana a kafaɗarsa, ya aika wa danginsa a Kano. Baƙi ne wuluk, ga shi ya sha shuɗiyar shadda. Ranar filas ɗina, wato fitilar kyamara, ya ƙi tashi. Na duba na ga direbansa da farar babbar riga, na ce ya tuɓe. Alhaji ya ce, "Sule, tsirara za ka yi mini yaro a bakin hanya?" Na ce, "Baba Alhaji, ko rigarsa ko fuskarka." Mutum biyu suka ware rigar a gabansa, hasken rana ya daki farin ya dawo kan fuskarsa, har gashin bakinsa ana ƙirgawa. Abin da nake so ku gane shi ne, fuskar da ta ba rana baya ba ta da hasken kanta, sai ka kawo mata. Ko filas da aka rage wa ƙarfi don kar mutum ya fito kamar an liƙa shi, ko wani farin abu da zai mayar masa da haske. Shekaruna duka a kan wannan suka tafi: a samu rana, a samu mutum, kar a kashe kowa.

Wani abu kuma da ba a koya wa masu hoto a wasu wurare, mu nan muna da ladan. Hasken da ya fi kowanne kyau ba ya zuwa sai rana ta nutse, sama ta koma kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Daidai nan ake kiran magariba. Mutumin da ka sha wuya ka tsayar sai ka ga ya fara naɗe hannun riga yana neman buta. Tsofaffin mata kuma ba sa barin a tsayar musu da yara a waje da almuru, ko me za ka ce. Saboda haka mai hoton Zongo yana gama aikinsa kafin wannan hasken, ya naɗe kaya, ya bi sahu. Sau nawa ina sauri zuwa masallaci ina satar kallon sama ta gefen ido, raina yana sosuwa. Allah ya yafe mana.

Fim ya wuce, na koma kyamarar kati da ordinate, wato kwamfuta, ban ji kunya ba. Waya ta zo ta kwashe hoton suna da na salla, na haƙura da na biki da na takardu. Duk wannan ban kira shi mummunar shekara ba. Mummunar shekara ita ce wadda hanyoyi suka rufe.

Kun san ta, kuna ciki, amma ba ku san ta daga bayan kyamara ba. Biki ya ƙanƙance ya koma cikin gida. Wanda ya ga ka kafa ƙafa-uku kusa da gada ko baraji sai ya tambaye ka wa ya aiko ka, kuma ban ga laifinsa ba. Mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka cika bayan unguwa, ba wanda ke da ran tsayawa a ɗauke shi. Sai in wuni a shago ban cire murfin gilashi ba. Cikin haka ne direbobin manyan motoci suka fara zuwa, yawancinsu 'yan Nijar mazauna nan, masu kai abinci garuruwan arewa da aka tsare wa hanya. Ba sa tafiya ɗaiɗai, sai an tara su an yi konbuwa, wato ayarin motoci, da masu rakiya. Kafin a tashi sai mutum ya so ya bar wa iyalinsa wani abu.

Na farkon da ya zo mini da maganar shi ne Illa, wani dogon saurayi daga wajen Madawa, wanda bai daɗe da auren Rakiya ba, 'yar gidan masu goro da ke bayan masallacinmu. Na san ta tun tana goye. Ya shigo ya gaishe ni, ya zauna a kan benci yana juya makulli a yatsa.

"Baba, so nike ka ɗauke ni da mota, rana na bayana. Amma ka kashe mani huska."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "In yi me?"

"Ka kashe ta. Baƙi ƙirin. Lambar mota ma kar ta hito."

"Kai yaro, tun ba a haife ka ba ake zagina don kar in kashe fuska. Yau kai ka zo da ƙafarka ka ce in kashe taka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai ba ka bin hanyar ga, Baba. Mutanen daji in sun tare mota, waya suka fara dubawa. Hoto yana yawo, daga wanga zuwa wancan. In sun san huskarka, sun san kana jan kaya cikin konbuwa, ran da ka hau motar haya za ka gida, kai za a sauke. Na goge nawa duka. Na wayar mai ɗakina ma da hannuna na goge, har na ɗaurin aure. Abokai ma na ce su goge."

"To hoton baƙi me zai yi mata?"

"Ita ta san ni. Ko cikin duhu ta gane ni."

Muka hau moto, wato babur, muka je inda suke ajiye motoci a gefen gudron, titin kwalta, yamma da unguwa. An yi ruwa da rana ya ɗauke, sama ta wanku, gajimare ya yi sirara-sirara, irin yammar da mai hoto ke roƙo. Na tsayar da shi a gaban kan motar, na ce ya juya gefe ya dubi hanya, don mutumin da ba shi da fuska in ya fuskance ka buhu ne kawai. Na yi ƙasa da ƙafa-uku har sama ta zame masa bango, na matsa har kansa ya rufe ƙwayar ranar. Filas yana cikin jaka, ban taɓa shi ba. Na auna a kan sama, na ƙara ragewa har taki biyu don kar ko ƙyallin ido ya tsira. Ƙofa sha ɗaya, izo ɗari. Na nemi kaifi da hannu a kan layin kansa. Na ce ya riƙe numfashi, na danna, na janye hannu.

Hoton ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba. Baƙin mutum, baƙar mota, sama kamar an zuba manja a wuta. Na tura masa a waya, ya tura wa matarsa a gabana. Kafin sati ya zagayo abokansa sun yi mini layi, kowa "Baba, irin na Illa." Da kashe fuska na ci abinci a shekarar nan, kuma ban taɓa cin abincin da ya tsaya mini a wuya irinsa ba.

Konbuwar da Illa ya bi ba ta isa duka ba. An tare su kusa da garin da za su, aka ƙona motoci. Wasu suka dawo bayan kwanaki da ƙafafu a kumbure, wasu aka ji muryarsu daga asibiti, wasu aka kawo labarinsu aka yi zaman makoki. Illa kuwa shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba, wayarsa ba ta shiga.

Damina ta kusa ɗaukewa ran da Rakiya ta shigo shagona, ita da wanta Basiru mai sayar da kayan waya. Ta rame, amma ga lalle a hannunta, ga kwalli. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce ta hau benci. Basiru ne ya fara bayani, yana kallon ƙasa.

Ashe wani direba da ya tsira ya ba su lambar wani mai kanti a can garin. Mai kantin ya ce waɗanda suka mutu ba takardu a jikinsu, an binne su ba suna, amma akwai wani tsoho, ladanin garin, shi ya yi musu wanka, kuma yana cewa bai manta fuskar ko ɗaya ba. A aiko da hoto a nuna masa. Nan aka shiga neman hoton Illa. Katinsa da lasisinsa suna aljihunsa. Kwafin lasisin da ke wurin mai mota, injin kwafi ya mayar da fuskar tabon tawada. Danginsa a ƙauye sai wani na yarinta, yana tsaye ba riga. Abin da ya rage shi ne nawa.

"Sai na sa shi cikin aplikasiyo, Tonton," in ji Basiru. "Irin mai gyara tsofaffin hotuna. Ta fito da fuska tar, wallahi net. Muka tura. Tsohon ya duba ya ce bai wanke wannan mutumin ba."

Ya miƙo mini wayar. Ga rigar Illa, ga tsayinsa, ga motarsa, ga wani kyakkyawan mutum mai santsin fata da Allah bai taɓa halitta ba. Na'urar ba ta haska komai ba. Ta tarar da duhu ne ta zana abin da ta ga dama.

"Na yi ne don ta daina kuka," ya ce.

Ban yi masa faɗa ba. Da ƙanwata ce, ban san me zan danna ba.

Sai Rakiya ta karɓe maganar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Baba, ran da aka ce ba ya cikinsu har masa na soya na raba sadaka. Na ce yana hannun mutanen daji, ko yana wani asibiti, zai dawo. Na ci gaba da kwalliyata don kar in yi masa mugun fata. Kullum ina kallon hoton nan. Amma Baba, wannan ya fi mijina kyau. C'est pas lui, ba shi ba ne. Har na fara rufe ido in nemi fuskar Illa, sai wannan ta zo mini."

Ta goge hanci da bakin mayafi.

"Jiya na tambayi Malam. Ya ce takaba ba daga ran da mace ta ji ake ƙirga ta ba, daga ran da mijin ya rasu ne. Ko ta sani ko ba ta sani ba, kwanakin suna tafiya. In ya mutu, Baba, haƙƙinsa ne ke ƙarewa ina shafa turare. In kuma yana raye na zauna masa takaba, na binne shi da ransa. Ka fito mini da fuskarsa ta gaskiya a sake turawa. Kai ka rufe ta, kai za ka buɗe."

Na kunna ordinate. Ni ɗanyen hoto nake ɗauka koyaushe, wato wanda kyamara ba ta dafa ba, ba ta zubar da komai daga cikinsa ba. Irin wannan in duhu bai yi yawa ba ana iya jawo abin da ya ɓuya a ciki. Na nemo na Illa, na fara ɗaga duhun a hankali, su biyun suna tsaye a bayana ina jin numfashinsu. Tayar mota ta fara nunawa. Aljihun riga ya ɗan fito. Na ƙara. Inda fuska take sai tsaki, ja da kore da shuɗi, kamar an watsa dussa a faranti. Na ƙure abin har ƙarshe. Wani dunƙule ya bayyana wanda za a iya cewa kunci ne, za a iya cewa ba shi ba ne. Babu ido, babu baki.

Na gwada ta nan, na gwada ta can, har gumi ya jiƙa mini riga. Babu. Hasken da bai shiga kyamara ba ranar nan, ba mai sa shi ya shiga yau. Ya ce in kashe, na kashe da kyau, kuma kyan aikin shi ya fi ba ni haushi. Na ce mata, "'Yata, ki yi haƙuri. Ba ta nan."

Na mayar da hoton yadda yake, baƙinsa. Da yake na riga na jawo kan kusa ina neman fuska, sai ya cika allon, baƙin kai a jikin jan sama, gefensa a yanke tsaf. Na kai hannu zan rufe.

"Tsaya, Baba."

Ta matso har mayafinta ya taɓa kafaɗata, ta ɗora yatsa a kan allon.

"Kunnensa."

Na duba. Bai juya gefe sosai ba ranar, don haka kunnen da ke can ɓangaren ya ɗan leƙo a jikin haske. A samansa akwai wata 'yar tsaga, gutsure kamar ɓera ya ɗanɗana. Ni da na ɗauki hoton ban taɓa lura ba. Ta ce ƙugiyar igiyar tanti ce ta fizge shi tun yana yaron mota. Basiru ya buɗe wanda ke wayarta. Aikawa ta waya tana matse hoto, don haka wurin ya dagule, ba a gane komai. Ya buɗe na aplikasiyo. Ita kuwa ta ga naƙasa ta gyara, ta ba shi kunne lafiyayye.

Da hannuna ya yi rawa ranar nan, ko da na bar na'ura ta nemi kaifi da kanta, da tsagar nan ta narke cikin haske. Har yau ban san ko in yi wa Baba Razaki addu'a a kan wannan ba ko in yi shiru.

Na yanko kan kaɗai, na girmama shi yadda ko an matse tsagar za ta tsira, Basiru ya tura wa mai kanti. Garin ba kullum ake samun layi ba, sai an hau wani tudu. Ranar ba amsa. Washegari bayan la'asar suka dawo shagon, don Rakiya ta ce ba ta so a kira tana gaban mahaifiyarta. Muka zauna. Mai zomkom, ruwan gero mai sanyi, ta wuce, na saya musu, ba wanda ya sha. Can wayar Basiru ta yi ƙara, ya buɗe murya ya ajiye ta a kan tebur.

Mai kantin ya yi sallama, ya ce ga ladanin. Sai wata tsohuwar murya, tana yankewa tana dawowa, Hausarsa ta Fulani.

"Wace ce matar mutumin da ke hoton nan?"

"Ni ce, Baba."

"Ɗiyata, hoton nan ba fuska. Amma kunnen na san shi. Na hagu ne?"

"Na hagu ne."

"Dogo, siriri?"

"E, Baba."

"Ni na wanke shi. An kawo shi da sauran numfashi, bai yi magana ba, da safe ya cika. Ƙasa ta shiga tsagar nan, sai da na sa ɗan yatsa na fitar. Mun yi masa sutura, mun yi masa salla, jama'a da yawa. Yana kwance wuri mai kyau, na san kabarin. Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Basiru ya fara salati, ya kifa kai a jikin bango. Ni ma na yi. Rakiya ta ce wa tsohon ta gode, Allah ya saka masa, har sau biyu, kafin layin ya yanke.

Ba ta yi ihu ba. Ta sa hannu ƙarƙashin mayafi ta ciro 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a kan teburina kusa da murfin gilashi. Ta zare awarwaro ta ɗora a kai. Ta dubi lallen hannunta, ta murza shi da babban yatsa, bai fita ba.

"Baba, yau nawa ga wata? Na Musulunci."

Na faɗa mata. Ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta, leɓenta yana motsi, ta kai ƙarshe ta sake daga farko.

"Saura kaɗan," ta ce. "Na cinye masa mafi yawa ina kwalliya."

Na buɗe baki in ce ba laifinta ba ne, Allah ya ga zuciyarta. Ta riga ta miƙe tana gyara mayafi. Basiru ya ce ta bari ta ɗan huta tukuna, ya kai ta gidansu wurin Inna. Ta girgiza kai.

"Ɗakinsa za ka kai ni, Yaya. Ka yi sauri, rana ta kusa faɗuwa. Mai takaba ba ta kai dare a waje."